Ranar da Tasalla ta Daina Guɗa

A Gozaki, zamanin da mahara daga arewa ke faɗa wa manoma da kaka, an yi wata mata mai suna Tasalla. Sana'arta guɗa. Ba a kai amarya, ba a raɗa suna, sai an aika mata, don in ta kama hanci ta rangaɗa, har makiyaya a bayan gari sai sun ɗaga kai. Amma ita ba a taɓa ganin haƙoranta ba. Ɗanta guda ne, Buba, maharan sun kama shi yana yankan dawa, shekara goma sha ɗaya babu labari. Takan ce murna 'yar taro ce, da an watse ta bi su.

Wata rana da azahar tana roron wake ita kaɗai a gonar, sai tsuntsaye suka yi tsit, iska ta tsaya cik. Can cikin karan dawa ta ji guɗa, doguwa, mai karyewa a ƙarshe, irin tata sak. Ta shafa bakinta, ta ji shi a rufe. Ƙafafunta suka bi muryar.

A gindin ɗorawa ta tarar da wani ramammen mutum zaune, ƙafafunsa duk faso. Ta gane tsagar fuskarsa. Ta kuma lura ciyawar da ya zauna a kai ba ta kwanta ba.

"Inna, na iso," in ji shi. "Ba ni ruwa."

Ta miƙa masa gora, ya kafa kai. Ya gaya mata ya haifi 'ya a can inda aka sayar da shi, ya sa mata sunanta. Tasalla ta nemi guɗa a maƙogwaronta ta rasa, ba ta kuwa damu ba. Wani sanyi ne ya kwanta mata a ƙirji, kamar ruwan sabuwar randa. Ta sunkuya gyara zanenta, ta ɗago babu kowa. Gorar kuwa cike take har baki.

Bayan wata biyu wani falke, Shitu, ya zo yana cigiyar gidansu. Ya ce da kaka shi da ayarinsu sun binne wani bawa da ya gudo, kusa da Matazu, wanda har ransa ya fita yana ambaton Gozaki da uwarsa.

Mata suka cika gidan gaisuwa. Maƙwabciyarta Barakatu ta ga hawaye na zuba amma fuskar a sake, ta tambaye ta ko lafiya.

"Na daɗe ina yi wa mutane murna cikina baƙi ƙirin," in ji Tasalla. "Yau kuka nake, amma cikina fari ne. Ɗana ya mutu fuskarsa na duban gida."

Ba ta ƙara guɗa ba, ko an roƙe ta. Ta koma yin daddawa har tsufa ya ci ƙarfinta. Duk ayarin da ya sauka a garin sai ta dogara sanda ta je tambayar jikarta, ba ta kuwa taɓa samun wanda ya san yarinyar ba.