Jan Idon Kunkuru, Shekara Shida Bayan Malam Isufu

Shekara shida ke nan da rasuwar aminina Malam Isufu, kuma a duk tsawonsu ban tafka wautar da ta kai ta ƙwan fitila ba. Gara in faɗa da bakina kafin mutanen masallaci su riga ni, don na san halinsu. Ni Mamman, da furfura har a gira, wani ɗan jan haske da bai kai ƙwayar gujiya ba ya hana ni sakat, na sa sukudireba na ƙwaƙule shi, na jefa aljihu, na ce na yi gyara.

Ga wanda bai san shi ba, Isufu mutumin Tasawa ne. Tare muka yi zaman haya a unguwar Glenwood, nan ƙasar Turawa, tare muka yi aikin kamfanin kujeru. Ya sayi wata tsohuwar mota mai ɗaki a ciki, da gado da murhu da wurin da za a yi alwala, irin wadda Turawan nan ke yawon shan iska da ita in sun ajiye aiki. Muka sa mata suna Kunkuru, don tana ɗauke da gidanta kuma ba ta san sauri ba. Shi ba don shan iska ya saye ta ba. In an yi rasuwa ko suna a wani gari inda namu suke, sai ya kwashi tsofaffi da mata ya kai su. A yi salla a ciki, a ɗumama tuwo a ciki. Yakan ce gaisuwar waya rabin gaisuwa ce.

Batir biyu gare ta, na inji da na ɗaki, altaneta ɗaya ke yi musu caji, kamar uwa mai tagwaye. Wayoyinta kuwa ɓera ya ci wasu, tsatsa ta ci wasu, sai Isufu ya sake su da naɗi guda na jar waya da ya tsinta a gwanjo. Ko'ina ka duba ja ne. Shi da ƙulli yake shaida su, wannan ƙulli ɗaya, wancan biyu, yadda ake shaida igiyar awaki. Ni aikina riƙe tocila, don ko da rana tsaka cikin injin nan duhu ne. Yana bayani, ni ina ba shi labarin wanda ya yi gyangyaɗi a huɗuba. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, kuma wadda aka buɗe mini kyauta a gindin mota ita ma na gudu.

Akwai abin da ba ya fashi. In ya murɗa makulli, sai ya dakata har wani jan ido ya kama a gaban sitiyari, sannan ya yi bisimilla ya tayar. In idon ya mutu, ya ce, “Ta karɓa.” Na sha tsokanarsa cewa malami guda yana camfi da fitila.

Da Allah Ya karɓi abinsa, maiɗakinsa Hajiya Hauwa ta miƙo mini makullin. Na ajiye Kunkuru a bayan gidan wani ɗan'uwa a Pleasant Garden, inda akwai fili, ina ɗan kai mutane nan kusa. Bara sai idon ya fara kyaftawa ana cikin tafiya. Duk kyaftawa gabana ya faɗi. Shi ne na yi masa abin da na yi. Daga ranar batir bai ƙara kwana da wuta ba. Na sake batir, na sake altaneta sabuwa dal, shiru. Yaran garejin zamani suka zo da kwamfutarsu, suka rasa inda za su soka ta, suka tafi. Rashin sani ya fi dare duhu.

Hajiya ce ta kama ni. 'Yarsu Ramatu za ta yi aure, gidan mijin can cikin jihar Virginia, kuma Hajiya ta ce a motar ubanta za a kai ta. Ta zo duba kujeru, na haɗa waya da wata mota don in tayar, ina murɗa makulli ta leƙo.

“Malam Mamman, ina jan idon? Shi fa ba ya tayar da ita sai ya gan shi.”

Na ce na ba shi hutu. Ba ta yi dariya ba.

Wanda ya yi dariyar Malam Yakubu ne, wani makanike mutumin Kumasi da na kira na ba shi labari, har sai da ya dafa mota. Ya ce a tsofaffin motocin nan, 'yar wutar da ke tashin altaneta daga barci ta cikin wannan ƙwan take bi. Ka cire shi, ka kwantar da ita ke nan. Ashe abin da na kira camfi shi ne ilimin. Na lalubo ƙwan a aljihun tsohuwar rigar sanyi, aka mayar, caji ya dawo.

Kyaftawar ma ta dawo. Yakubu ya ce akwai wayar da ta saki, wataƙila wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfe, wadda Isufu ke kira mas. Ya dubi jajayen wayoyin nan da ƙulle-ƙullensu, ya ce a ba shi wata guda cur kafin ya gano ta. Kai amarya kuwa Asabar mai zuwa ne. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, to ni ga gora ga tafiya.

Abinci ba ya shiga mini sosai kwanan nan. In na rufe ido sai in ga Kunkuru ta mutu a kan tudu, amarya da lallenta a bakin titi, tsofaffin mata na jan carbi, dangin miji na can suna duba hanya. Na kawo shawarar a ɗauko motar haya. Ramatu ta amsa mini da Turanci, ta ga ban kama ba, sai ta juya da 'yar Hausarta: “Baba Mamman, motar Babana nake so.” Na ce to. Me zan ce?

Ina yawan tunanin abin da Isufu zai ce da ya ga yau. Mun yi yawa a garin nan fiye da zamaninsa, amma in an yi rasuwa sai kowa ya sayi katin waya ya gaisa daga kan kujera, a ce mai ya yi tsada, a ce aiki. Ba zai yi faɗa ba, bai iya ba. Zai dai tsaya a ƙofar masallaci da makulli a hannu har kunya ta sa mutum ya shiga mota. Bai bar gida ba, bai bar fili ba. Abin da ya bari tsofaffi ne da har yau in sun ga Kunkuru suke cewa ita ta kai ni gaisuwar wane, da kuma yarinyar da ta ƙi motar haya. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa.

Jiya na shiga ƙarƙashinta ni kaɗai, tocila a baki, ina bin ƙulli ɗaya-ɗaya ina jijjigawa. Na samu biyu da suka saki, na ɗaure. Ko su ne, ko ba su ba, sai hanya ta faɗa. Ina kwance a wurin na tuna wata rana irin wannan, shi a ciki ni a waje, ina zuba masa surutu hasken na yawo ko'ina ban da inda yake so. Ya fiddo kai, fuska duk baƙin mai, ya dube ni. Maganar da ya yi mini, dariya na yi mata a lokacin har ya koma ciki. Cewa ya yi:

“Mamman, kai dai riƙe fitila ka iya. To ran da ba ni, wa za ka haska wa?”