Ismenia Mai Rabon Ɗinki

Duk wanda ya san unguwarmu a Brooklyn ya san gidan Ismenia Gittens, mai jan bulo, hawa uku, da tutar Panama rataye a taga ko ana zafi ko ƙanƙara na zuba. Yanzu ta tsufa, gwiwa ta ƙi, amma bakin yana nan da ƙuruciyarsa. Ta yi ritaya daga asibiti tana cin fanshonta, gidan nata ne halak malak, 'ya'yanta biyu duk sun yi jami'a. In aka ɗauko zancen nan na cewa 'yan Panama sun fi sauran masu jin Sifaniyanci samu a ƙasar nan, wasu cikin mutanenmu sai ka ga sun hau hura hanci, kai ka ce daga sama suka faɗo da arzikin. Ita tsaki take ja.

"Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi," haka take cewa. "Mu da Turancinmu muka sauko daga jirgi, da takardunmu a jaka. Su fa, da me suka sauko?"

A garin Kolon na Panama aka haife ta, bakin teku. Kakanta ɗan tsibirin Barbados ne, yana cikin baƙaƙen da aka kwaso suka haƙa mashigin ruwan Panama da diga da shebur. Shi ya sa a gidansu da cocinsu Turanci ake yi, a makaranta da kan titi kuma Sifaniyanci, yarinya ta tashi da harshe biyu ba ta biya ko sisi ba. Gidan haya ne na katako, ɗakuna birjik, iyalai sun fi a ƙirga, famfo kuma ƙwaya ɗaya tal a tsakar gida. Famfon nan yana da doka, kuma duk ɗan Kolon ya san ta: gwangwaninki shi ne ke. Ki ajiye shi a layi ki je ki yi shara, ki yi wa yaro wanka, ba mai taɓa shi, ba mai tsallake shi. Wata rana matar mai karɓar haya ta tsallake layi ta cika bokitinta. Uwar Ismenia ta ɗaga bokitin ta juye shi a kwata, ta mayar mata da shi can ƙarshe. Ismenia na tsaye tana kallo, ita da ƙawarta Griselda ta ɗakin kusa da nasu.

Griseldar nan ita ce rabin ranta. Tare suka yi wasan ƙasa, tare suka sha bulala. Griselda ce ta riga zuwa Amurka, ita ta tarbe ta a filin jirgi da rigar sanyi a hannu, ita ta ba ta gefen gado, ita ta kai ta masana'antar ɗinki ta ce wa maigidan, "Ga ƙanwata, in ta ɓata maka yadi ka cire a nawa." Da Ismenia ta yi aure ta haifi ɗanta Rogelio, Griselda ce ta riƙe shi a coci ranar baftisma. Daga ranar suka daina kiran suna, sai komadre, kuma a wurinmu wadda ta zama komadrenki ta fi wata 'yar'uwar ta jini.

Masana'antar wani dogon ɗaki ne a hawa na huɗu, kekuna jere reras, ƙara kamar ta injin niƙa. Aikin jinga ake yi, iya ɗinkinki iya kuɗinki. Ana yanko yadi a ɗaure shi ɗauri-ɗauri, mai rabon aiki ta bi tana miƙa wa kowa. To a nan gizo ke saƙar. Akwai ɗaurin auduga, miƙaƙƙen ɗinki, ki taka keke kawai kina waƙa. Akwai kuma ɗaurin satin mai santsin tsiya, ga zif, ga tattara, wanda kafin ki gama riga ɗaya mai auduga ta gama uku. Auduga ta mutanenmu ce da sauran masu Turanci, waɗanda ke zaune jikin taga, don su in aka taɓa su sun san hanyar ofishin ƙwadago kuma suna da bakin yin bayani. Satin kuwa na 'yan can ƙurya ne kusa da dutsen guga, matan Honduras da Ekwado da Dominika, yawancinsu ba takarda ba Turanci. Ismenia ta yi shekaru a jikin tagar nan tana cin audugarta, ba ta taɓa waiwayawa ba.

Sai mai rabon ta tsufa ta ajiye aiki. Mista Harlan, maigidan, yana neman wadda za ta ji umarninsa da Turanci ta juya shi da Sifaniyanci, ya duba ya ɗauki Ismenia. Albashi tsayayye, ba sauran taka keke. Ranar Griselda har da rawa a kan matakala.

"Komadre, kakarmu ta yanke saƙa! Naka sai naka. Yanzu ko a mafarki na ga satin sai na kai ƙararki."

Makon farko Ismenia ta yi rabo yadda ta tarar. Amma mai rabo tana zagaya ɗakin duka, tana ganin abin da na jikin taga ba ya gani. A can ƙurya akwai wata 'yar Honduras, Suyapa, gajeriya, mai shiru-shiru. Hannunta ya fi na kowa sauri a ɗakin, har da na Griselda, ɗinkinta kuma ko zare ɗaya ba ya karkacewa. Amma ranar biya abin da take tafiya da shi bai kai na ragwayen jikin taga ba. Ba ta tashi cin abinci, a kan keke take gutsurar burodi. Ran nan Ismenia ta ajiye mata ɗaurin satin na uku a jere, kunya ta kama ta, ta ce, "Ki yi haƙuri, 'yar'uwa, yau ma shi ne."

Suyapa ta ɗago ta yi murmushi. "Ba komai, uwar ɗakina. Na saba."

Maganar nan ta soki Ismenia har ƙashi. Lokacin haƙa mashigi a taga biyu ake biyan ma'aikata, farare a biya su da zinariya, baƙaƙe da azurfa, rana ɗaya tana dukansu, taɓo ɗaya suna ciki. Tana yarinya ta taɓa tambayar kakanta ko abin bai yi masa ciwo ba, tsohon ya ce mata daidai haka, ya saba. Yau ga jikarsa ta haye teku ta zo ta zama mai tsaron tagar zinariya. Haushin kanta ya cika ta, ta kasa cin abinci.

Ranar Litinin mata suka shigo suka tarar da sabon abu. Ta juye ɗaurin duka a cikin babban akwati mai taya, auduga da satin a cakuɗe, ta lulluɓe da wani baƙin ƙyalle. Ta hau kan benci ta yi magana da harsuna biyu.

"Daga yau ni ba na zaɓar wa kowa. Wadda ta kusa gamawa ta kawo kwarkwaron zarenta ta ajiye a layi a kan teburin nan. In layi ya zo kanki, ki zura hannu ƙarƙashin ƙyalle, abin da kika fara taɓawa shi ne rabonki. Ba lalube, ba canji."

'Yan ƙurya suka kalli juna, ba su gane ba tukuna. 'Yan Kolon kuwa nan take suka gane, don dokar famfo ce aka ɗauko musu ɗungurungum, kuma ba su ji daɗi ba ko kaɗan. Griselda ta zura hannu, Allah da ikonsa ta jawo satin mai zif. Aka kwashe da dariya a ƙurya. Ta koma keke fuska kamar an aiko mata da mutuwa.

Da aka tashi ta tare Ismenia a kan matakala.

"Ke, zo nan. Ni za ki yi wa haka? Ni da na kawo ki gidan nan?"

"Komadre, dokar gidanmu ce. Ke ma a kanta kika tashi."

"Dokar gidanmu ta 'yan gidanmu ce! Waɗannan a Kolon aka haife su? In su suka samu wurin nan kina tsammanin za su tuna da ke? Ba su ne ke ce mana baƙaƙen Turawa ba, suna zaton ba ma ji?"

"Suna faɗa, na ji da kunnena. Amma famfon bai taɓa tambayar kowa garinsu ba."

"To sannu, uwar adalci. Ni ina da haya, ina da uwa a gida tana jiran aike. Ki cire ƙyallen nan, komadre, tun muna mu biyu."

Ismenia ta san abin da za ta iya rasawa. Aikin ba shi ne ya dame ta ba, matar da ke tsaye gabanta tana huci ita ce abin tsoron rasawa. Ta ce a hankali, "Ba zan cire ba." Griselda ta sauka ba ta waiwayo ba.

Ƙyallen ya yi 'yan makonni. Aiki bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Suyapa ta fara tashi cin abinci kamar kowa, har ta sayi takalmin sanyi. Amma 'yan taga sun ga samunsu ya ja baya, suka haɗa kai suka shiga ofis, Griselda ce a gaba. Shi Mista Harlan ba ruwansa da wa ya ci wa ya rasa, abin da ya sani shi ne masu iya kai shi ƙara su ne ke fushi, waɗanda suka ji daɗi kuwa ko sunan titin ofishin ƙwadago ba su sani ba. Ya kira Ismenia ya ce ta zaɓa, ko ƙyalle ko aiki.

Ta cire rigar aiki ta ninke ta ajiye masa a tebur. Ta ratsa ɗakin tun daga ƙurya har ƙofa, kai a sama. Ba wadda ta tashi. 'Yan ƙurya sun sunkuyar da kai suna taka keke, Suyapa na ɗinki hawaye na ɗiga tana kare yadin da gwiwar hannu kada ya ɓaci a cire mata. Ismenia ba ta ga laifinsu ba, kuma har yau ba ta yarda a ga laifinsu. Ita ba a rufa wata ba ta samu aiki a asibiti, teburin karɓar marasa lafiya, inda harshe biyu ke da daraja, ga inshora ga fansho. Da Suyapa ce aka kora, sai dai wata ƙuryar a wata masana'antar, in ma an samu.

Abin da ya hana ta sukuni shi ne labarin da ya biyo baya: Griselda aka ba rabon. A coci Griselda ta canza benci. In sun haɗu a shagon mai doya, kowa ta kama kallon doya. Rogelio ya yi ta tambaya ina uwar baftismarsa, Ismenia ta daka masa tsawa, daga baya ta ji kunya. Mijinta ya ce ta je ta ba da haƙuri mana, zumunci ya fi ƙyalle. Ta ce ta fi kowa sanin haka, amma in ta je me za ta ce ta yi? Ta rame, wallahi, kowa ya gani.

Wata Lahadi bayan an taso coci aka buga ƙofa da ƙafa.

"Ki buɗe, tukunyar nan tana ƙona ni!"

Griselda ce, riƙe da tukunyar miyar kaza da doya, fuska a murtuke. Ta wuce kicin kai tsaye kamar jiya ta fita, ta dire tukunyar, ta ja kujera.

"Sun kore ni."

Ismenia ta riƙe ƙofa. "Me kika yi?"

"Me na yi? Ke kika yi! Ke kika ɓata matan nan. Ranar farko na yaye ƙyallen na jefar, na raba yadda na ga dama, na ji daɗina. Washegari gajeriyar nan taki ta zo ta ajiye kwarkwaronta a tebur ta koma. Wata ta ajiye. Wata ta ajiye. Kullum haka, komadre, kullum! Ina tsallake su ina rabo, su kuma suna ajiyewa. Ni fa ba a haife ni in tsallake layi ba. Ran Laraba na gaji, na je na tono ƙyallen daga kwandon shara."

"Sai ya kira ki ofis."

"Sai ya kira ni. Na ce masa ya riƙe rigarsa. Ya aika a kira Delfina ta jikin taga ya ba ta rabon, ta ce a gaya masa ita ma 'yar Kolon ce, kada ya wahalar da kansa."

"To su Suyapa fa?"

"Ƙyallen yana nan. Ya rasa mai cire masa." Griselda ta harare ta, ido ya yi ja. "A asibitin naku suna ɗaukar masu bakin tsiya, ko ke kaɗai suka iya da ke?"

Ismenia, wadda ba ta zubar da hawaye ko ɗigo ba ranar da ta ajiye aikin, ta durƙusa ta kifa kai a cinyar komadrenta ta yi kuka mai isarta. Griselda ta bar ta ta yi, tana shafa mata kai tana jan hanci.

"To ya isa haka," ta ce. "Tashi ki ɗauko kwanuka, ki kira min ɗana. Miyar za ta huce."