Garkuwar Mama Kwali

Goggona, ƙanwar babana, shagon kayan masarufi gare ta a bakin layinmu, amma in ka tambayi mutanen cocinmu sana'arta, kwali za su ce maka. Duk katan ɗin sabulu, na madara ko na ashana da ya shigo shagon, ba ya fita sai ya zama wani abu dabam: jirgin ruwa, kifi, kambin sarki ko fukafukin mala'ika. Shi ya sa yara suka laƙaba mata Mama Kwali, manya suka ɗauka, har Fasto a kan mumbari haka yake kiranta. Ita ke koyar da yara a makarantar Lahadi tun ina cikinsu, kuma kunnena na hagu shaida ne cewa ba ta ɗaukar surutu.

Gajeriya ce, mai saurin tafiya da saurin magana. Mijinta ya rasu da wuri ya bar ta da ɗa guda, wanda nake kira Yaya. Da shagon nan ta raine shi har ya zama mai gyaran wutar lantarki, ya yi aure, aka haifa masa mace aka sa mata sunan Goggo. Tun daga ranar kowa ke kiran yarinyar Takwara.

Lokaci-lokaci cocinmu kan yi sujadar kowa da kowa, wato ranar da yara ba sa fita zuwa ajinsu. Wanda bai taɓa shirya irinta ba zai ɗauka abu ne mai sauƙi. Kana da ɗan yaye mai neman hawa benci, kana da matasa masu latsa waya a ƙarƙashin littafin waƙa, kana da dattijon da ba ya ji sai an yi ihu, kuma dukansu kake so su koma gida da abu ɗaya a zuciya. Duk lokacin da jigon ya zama kariya da addu'a, ba ma wahalar da kanmu, domin Goggo na da wasan garkuwa.

Yara biyu ake tsayarwa. Ɗaya ya durƙusa ya yi addu'a kafin ya fita daga gida, sai Goggo ta miƙa masa wata ƙatuwar garkuwar kwali da ta lulluɓe da takarda mai ƙyalli. Ɗayan ya makara, ya zura da gudu bai yi addu'a ba. Daga nan sai rundunar Shaiɗan, wato sauran yaran ajin, su fito daga bayan labule suna jifa da dunƙulen takarda. Mai garkuwa ko gezau. Wanda ya manta kuwa ya faɗi yana birgima yana kururuwa, coci ya ɗauki dariya, ni kuma, da yake ni ke buga piyano, in ƙara musu da ƙarar tsawa. Shekara da shekaru ana yin wasan nan ba a gaji da shi ba. Yaya ma ya taɓa fitowa a wanda ya manta, kuma har yau ba a yi mai birgima irin tasa ba.

Wata safiya Yaya ya hau turken lantarki, aka dawo da wuta yana sama, nan take ya rasu. Ba zan tsawaita wannan ba, don har yanzu ciwo yake mini. Goggo ta rufe shago na ɗan lokaci, ta sake buɗewa, ta koma ajinta. Takwara, mai shekara tara, ita ce ta sauya. Kullum da safe sai ta tsaya a bakin ƙofa, ba mai fita sai ta dafa shi ta yi masa addu'a. In uwarta ta manta jaka ta dawo, sai an sake daga farko. Mu kuwa, da wayonmu, muka shiga yabonta. Shugabar zumuntar mata har misali ta ba da ita, wai yarinyar nan ta fi manya ƙwazo.

Da lokacin sujadar ya zagayo, muka zauna a ƙaramin ɗakin da ke bayan mumbari, inda ake jibge karyayyun kujeru da tsofaffin ganguna: Fasto, Shugabar zumuntar mata, Goggo da ni. Muka zaɓi waƙoƙin da yara za su iya bi, muka raba karatu tsakanin tsoho da yarinya, muka roƙi Fasto ya gajarta wa'azi, ya yi alkawarin da ya saba yi. Da aka zo kan wasa ba a ma tattauna ba.

"Mama Kwali, garkuwa dai," in ji Fasto.

"Tsohuwar ta ci ruwa, zan yi sabuwa," ta ce. "Takwara zan ba ta riƙe, ko ta ɗan warware."

Bayan kwana biyu na biya shagon da yamma. Goggo na zaune a ƙasa tsakanin buhunan sukari, ta baje katan tana yanka, Takwara na riƙe mata gefe.

"Takwarata, ke za ki riƙe wannan ranar Lahadi."

"A'a, Kaka. Ki ba ni wanda ya manta."

"Ke da ba kya barin ko kaza ta fita ba addu'a? Ina ke ina mantuwa?"

"Ai ni ce na manta," yarinyar ta ce, idonta a kan kwalin. "Ranar na makara makaranta. Baba ya ce in zo mu yi addu'a, na ce sai na dawo. Shi ya sa bai da garkuwa."

Almakashin ya tsaya a hannun Goggo. Ni dai na rasa inda zan sa idona. Ashe duk watannin nan yarinyar gani take ita ta kashe ubanta, kuma tsaron ƙofar da muke yabo tsoro ne tsagwaronsa. Goggo ta jawo ta jikinta, ta ce ba haka ba ne, ta faɗa ta nanata. Takwara ta saurara da ladabi har ta gama, sannan ta ce, "Amma Kaka, ai haka kike nunawa."

Kashegari Goggo ta sa aka sake kiran taro. Ta faɗi abin da ya faru ba ƙari ba ragi, ta ce wasan ba zai fito yadda aka saba ba.

Shugaba ta gyara zama. "Mama, ki yi haƙuri, amma mutane ƙarfafawa suke zuwa nema. Mu tara yara mu ce musu addu'a ba ta aiki?"

"Wa ya ce ba ta aiki? Da ba ta aiki da yanzu ina bin titi ina tsince-tsince. Abin da na koya musu ne ba daidai ba. A gaban kowa na koyar da shi, a gaban kowa zan warware."

"Ki ja ta gefe ki lallashe ta mana."

"Na yi. A ɗaki ta ji ni, amma a coci ta gani da idonta. Wanne kike jin za ta yarda da shi?"

Fasto mutum ne da ba ya son hayaniya, in ana musu agogonsa yake dubawa. Ranar dai bai duba ba. Sai ya tambaye ta me take so ta yi. Ta ce ita za ta riƙe garkuwar. Ya ce to, shi zai ajiye wa'azinsa ya ɗora daga inda ta tsaya. Shugaba ba ta gamsu ba, ta kuma faɗa, amma ba ta hana ba.

Ranar Lahadi coci ya cika, fankoki na juyawa, jarirai na nasu aikin. Takwara na benci na gaba kusa da uwarta. Bayan karatu Goggo ta fito da sabuwar garkuwa, yara suka hau tafi. Ta durƙusa da ƙyar saboda gwiwa, ta yi addu'a da ƙarfi, ta miƙe ta ɗaga garkuwa. Rundunar ta fito, amma wannan karon Goggo ta raba su gida huɗu, gaba da baya, dama da hagu. Takarda ta same ta a ƙeya, a kafaɗa, a kunne, har ɗankwalinta ya karkace. Aka fara dariya, dariyar ta mutu a hanya, don ba ta faɗi ba kuma ba ta yi birgima ba. Ni ma na ɗauke hannuna daga piyano.

"Yara, kun ga na yi addu'a?" Suka ce e. "Kun ga an same ni?" Suka ce e.

"Da can na nuna muku cewa wanda ya manta kaɗai ake samu. Kuskure na yi, ku yafe mini. Ranar da ɗana ya rasu, na durƙusa da safe na kira sunansa a gaban Ubangiji, na ce ya tsare mini shi. Kafin rana ta yi tsaka aka zo mini da labari. An same ni, amma ga ni a tsaye, ban bar Ubangiji ba, shi ma bai bar ni ba. Wannan ce kariyar da na sani." Ta juya wajen manya. "Duk wanda ya taɓa roƙo da zuciya ɗaya, abin kuma ya faru duk da haka, ya taimake ni ya tashi tsaye."

Da farko ba wanda ya motsa. Sai dattijon nan mai nauyin kunne, da jikarsa ta maimaita masa a kunne, ya dafa sanda ya miƙe. Wata mai jego ta bi. Fasto ya tashi. Benci ya yi ta ƙara, layi bayan layi. Shugaba, wadda ta binne 'ya'ya biyu, ita ma ta miƙe tana kallon ƙasa. Uwar Takwara ta tashi a gefenta.

Yarinyar ta hau kan benci da gwiwa ta juya baya, ta daɗe tana kallon mutane. Sannan ta sauko ta taka zuwa wurin Goggo. Na'urar magana na kunne, don haka kowa ya ji.

"Kaka, da gaske kin yi masa ranar?"

"Na yi, Takwara."

"To me ya sa?"

"Ban sani ba. Ni ma ina tambaya."

Yarinyar ta murza bakin zanen kakarta.

"Ashe ba ni ba ce?"

"Ba ke ba ce," in ji Goggo. Ta ajiye garkuwar a ƙasa don ta samu hannun ɗaukarta.