Ranar da Aka Guntule Wuƙar Baba

Babana mai wayarin ne, kuma in ka ji shi yana ba da labari, rabin Agege da hannunsa take ganin haske. Sauran rabin kuwa wasu ne suka yi musu aikin, shi ya sa suke zaune a duhu. Kayan aikinsa ba su da yawa: filaya, tasta, sukundireba, sai wata 'yar wuƙa mai naɗewa da ogansa ya ba shi ranar da ya yaye shi. Ƙotarta ta sha baƙin salatif har ta yi ƙiba kamar rogo. Ina jin da gobara za ta tashi a ɗakinmu, wuƙar zai fara fitarwa, sannan ya dawo ya tambaya ko an ga yara.

Da ita yake fere waya. Sai ya kwantar da wayar a kan babban yatsansa, ya ɗora kaifin, ya juya a hankali, ya ja. Robar ta zame kamar an cire wa jariri safa, ko sili ɗaya na jan ƙarfen bai tsinke ba. Yatsan nan kuwa duk zane ne, sai ka ce katakon mahauci.

Ba a daɗe da komawar soja bariki ba gari ya yi tsami. Aka yi ta rigima a wasu unguwanni tsakanin mutanenmu da 'yan gari. Ba ta iso layinmu ba, amma ana tare danfo, motocin haya, a hanya, a sauko da mutane a laluba aljihu, kuma Bahaushen da aka samu da wuƙa ba a tsayawa jin bayanin sana'arsa. Wani maƙwabcinmu mai sayar da rake ya dawo gida fuska a kumbure saboda wuƙar da yake fere rake da ita. A ranar Mama ta zare ta Baba daga aljihun wandonsa, ta jefa cikin kwallarta ta rufe.

Baba ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya kawo misalin manomi da fartanya. Mama ta bari ya gama tsaf.

"Malam, in za ka fita da ita, to ka fita da ni," in ji ta. "Ba zan zauna a nan ina leƙen kowace danfo ba."

Ya gwada reza, ta yanke silin wayar ta haɗa da yatsa. Ya gwada filaya, ta murƙushe masa aiki. Ƙarshe ya koma ga abin da yake zagin yaran shago a kansa, wato fere waya da haƙori. Yakan dawo gida yana tofar da 'yan guntayen roba, ja da baƙi. Na gaya wa ƙanina cewa Baba ya fara cin waya, nan gaba kaɗan in an danna masa hanci zai kawo wuta. Yaron nan ya jira Baba ya kishingiɗa bayan la'asar ya je ya danna. Ni na sha ranƙwashin.

Wata rana wata waya mai kauri ta injin ruwa ta ɓantare masa rabin haƙorin gaba. Daga nan maganarsa ta samu fito. In ya ja mu salla a gida, ni da ƙanina mukan danne dariya har cikinmu ya ƙulle, ana sallamewa Mama ta bi mu da mintsini, ita ma tana cizon leɓe.

Amma dariyar ba ta yi nisa ba. Haƙorin ya fara ciwo, na kusa da shi ya fara girgiɗi. Baba ya daina taɓa nama, sai ya jiƙa burodi a shayi ya tura ta gefe guda. Mama ta daka masa kanumfari, ta dafa ruwan gishiri, gobe kuma ya fita ya ciji wata wayar, don aiki ba ya jira. Nakan ga Mama ta buɗe kwallar nan, ta kalli wuƙar, ta mayar da murfi. In ta ba shi, tana tsoron abin da zai same shi a hanya. In ta hana, tana kallo bakinsa zai ƙare.

Ran wata Asabar ta kira ni, ta cusa wuƙar ƙarƙashin tumatir da tattasai a bokitin markaɗe. Ta ce in kai wa mai waldan da ke gefen injin markaɗe, in ce ya cire mata tsini. Ni ta aika don duk gidan na fi kowa Yarabanci. Tafiyar ba ta da nisa, amma gani nake har awakin layin sun san abin da na ɗauko.

Mai waldan dattijo ne, kuma yana ganin salatif ɗin ya gane wuƙar. Ya tambaye ni ko babana ya sani. Na ce mamata ta sani. Ya yi dariya ya ce ai wannan ya fi ƙarfi. Ya kanga ta a dutsen injinsa, tartsatsi ya tashi, tsinin ya yi ta raguwa har bakin ya zama kamar gindin cokali. Kaifin gefen kuwa bai taɓa shi ba, sai ma ya ƙara wasa shi.

Da yamma Mama ta ajiye ta a faranti kusa da tuwon Baba. Ya buɗe ta, ya daɗe yana kallo. Da tsinin nan yake ƙwaƙulo ƙonanniyar waya daga cikin soket, kuma tun yana saurayi yake tare da shi. Ni dai na fara auna nisan ƙofa.

"Uwata, ke aka aika?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

Na nuna Mama da baki.

"Ni na aike ta," in ji Mama. "Yanzu duk wanda ya buɗe ta zai ga kayan aiki ne. Haƙoran da suka rage kuma ina son abina."

Baba ya laluba aljihu ya fito da guntuwar waya, ya kwantar a yatsa, ya juya, ya ja. Robar ta zame. Ya sake gwadawa, sannan ya ce to, shi da wuƙar sun zama ɗaya, kowa da giɓinsa.

Washegari yana da aiki a Mushin, ya sa ta a aljihu ya fita. Mama ta wuni a bakin ƙofa wai tana tsintar shinkafa. Shinkafar nan ta sha tsinta har na ji tausayinta. Gab da magariba sai ga shi ya shigo layi yana sababi shi kaɗai. Ashe an tare motarsu, an laluba shi, wani saurayi ya buɗe wuƙar ya juya ta, ya tambaye shi ko ta shafa bota a burodi ce, ya cilla masa abarsa. Wannan raini shi ya tsaya wa Baba a rai. Wuƙar da ta haska rabin gari, wai ta bota.

Mama ta ajiye masa tuwo. Ta bar shi yana ta mita da fitonsa, ita kuma tana ta ƙara masa miya har tuwon ya nutse.