Pyo Dokman na Tsibirin Solgae, Mai Jiran Tsuntsaye

Haihuwa da Hijira

An haifi Pyo Dokman a shekarar 1938 a wani ƙauyen masunta na gundumar Ongjin da ke lardin Hwanghae. Mahaifinsa shi ne Pyo Manbok, masunci, mahaifiyarsa kuwa Sim Ippun. A hunturun 1951, da yaƙi ya iso gaɓar teku, mahaifinsa ya tsallaka da shi cikin kwalekwale zuwa tsibirin Solgae, da niyyar komawa ya ɗauko matarsa da ƙaramar 'yarsa idan al'amura suka lafa. Bai samu komawa ba har aka shata iyakar da ta raba ƙasar gida biyu, Solgae ya faɗo Kudu, ƙauyensu ya zauna Arewa, ko da yake ranar da gari ya washe ana hango duwatsunsa daga kan tsauni.

Karatu da Aiki

Ya yi karatun firamare a tsibirin da girmansa, sannan ya bi mahaifinsa kamun kaguwa har zuwa 1959, lokacin da aka ɗauke shi mataimaki a hasumiyar fitilar jiragen ruwa. A nan ne sha'aninsa da tsuntsaye ya samo asali. Kowace bazara, daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Mayu, idan hazo ya rufe teku, ƙananan tsuntsaye masu ƙaura zuwa arewa sukan faɗo kan hasumiyar a galabaice, wasu su bugi gilashi su mutu. Da kaka sukan dawo ta wannan hanyar, shaho na biye da su, sannan dinya da gauraka su rufe ayari. Ya san makon zuwan alhudahuda da na tsattsewa, kuma sau biyu a ƙuruciyarsa ya ga baƙar shamuwa, wadda tsofaffin tsibirin suka ce ba su taɓa gani ba. A ƙafar wasu matattun yakan tarar da ɗan zobe mai rubutun wata ƙasa, irin wanda masu nazarin tsuntsaye ke sa musu, ya cire ya adana a gwangwanin taba.

Aure da Iyali

A shekarar 1963 ya auri Ok Kumrye, 'yar asalin tsibirin, mai sana'ar ɓarar kawa, wato wani nau'in dodon koɗin teku, suka zauna katanga ɗaya da Kye Chilsong, mai jirgin kamun kifi, wanda ya kasance amininsa tun suna samari. A 1970 ya sayi tsohon madubin hangen nesa, ya ɗauki ɗabi'ar hawa tsaunin arewa da sassafe a lokutan ƙaura. Mutanen gari ba su ga dalilin da zai sa magidanci ya bar barcinsa domin tsuntsun da ba ci zai yi ba, musamman wanda uwarsa ke can tsallake. An ruwaito cewa Chilsong yakan tsokane shi a gaban jama'a da cewa, "Malam mai tsuntsu, yau me 'yan uwanka na Arewa suka aiko?"

Tuhuma

A watan Mayun 1974 jami'an tsaro suka kama shi a kan tsaunin, suka binciki gidansa, suka nufi inda gwangwanin yake ba tare da sun tambayi kowa ba. Uku daga cikin zobban na ɗauke da rubutun Rasha da lambobi, aka ɗauke su a matsayin saƙon asiri. An tsare shi a babban yankin ƙasa, nesa da tsibirin, har ƙarshen kaka, ya dawo ba a gurfanar da shi ba, amma ya rasa aikinsa, kunnensa na hagu ya daina ji, kuma tuhumar ta bi ɗansa na fari ta hana shi aikin gwamnati.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne gwangwanin, domin mutum biyu kaɗai ya taɓa nuna wa maɓoyarsa, matarsa da Chilsong. Ya yanke hukunci a kan Chilsong. Ya ƙara tsayin katanga, ya daina amsa gaisuwarsa, ya hana a karɓi ko kifi daga gidansa. Chilsong ya rantse masa sau ɗaya a bakin gaɓa cewa ba shi ba ne, bai sake ba.

Auren 'Yarsa

A shekarar 1989 'yarsa Sunae ta bayyana cewa ɗan Chilsong take so, Dokman kuwa ya ce sai bayan ransa. Maganar ta yi wata da watanni, har wata rana Kumrye, tana cusa yaji cikin kabejin da ake tsumawa a yi kimci, ta ce masa ba tare da ta ɗago kai ba, "Baban Sunae, ka bar mutumin nan ya huta. Ni na kai ƙararka."

Ya ce, "Ke kuma a kan me?"

Ta ce, "Kullum idonka na Arewa, ga kwalekwale ka gyara. Na ce gara su riƙe ka kwana biyu da ka tsallaka ka bar ni da yara. Ban san haka za su yi maka ba."

Ya dube ta ya ce, "Da wane hannun kika rubuta, ke da ko sunanki ba ki iya ba?"

Ta ce, "Baki ai ba ya bukatar alƙalami."

An ɗaura auren a bazarar 1990, ya halarta, ya sha ƙoƙon giyar shinkafa guda daga hannun Chilsong. Sai dai zuciyarsa ba ta natsu ba, domin ya lura ikirarin ya zo daidai lokacin da 'yarta ke bukatarsa, ya riƙa zargin cewa ta ɗora wa kanta laifin wani ne don auren ya yiwu. Wasu ranakun ya gaskata ta ya ƙi cin abincinta, wasu ya ƙaryata ta ya ƙi gaida surukinsa Chilsong.

Shekarun Ƙarshe

Daga 1998 masu nazarin tsuntsaye suka fara zuwa Solgae a lokutan ƙaura, ya zama jagoransu, duk da yake bai taɓa yarda ya faɗa wa baƙo inda wani tsuntsu ya sauka ba sai ya tambayi wanda ya turo shi. A 2007 wani kwamitin bincike ya wanke shi daga tuhumar, amma aka sakaya sunan mai ƙarar. Chilsong ya rasu a shekarar da ta biyo baya. Dokman ya ɗauki makararsa tare da jama'a.

Rasuwa

Ya rasu a gidansa ranar 9 ga Oktoba, 2016, bayan jinyar huhu, yana da shekara saba'in da takwas. An binne shi a maƙabartar 'yan hijira, kusa da mahaifinsa. Ya bar matarsa Ok Kumrye da 'ya'ya huɗu: Pyo Kisu, direba a Incheon, Pyo Sunae, matar Kye Tongho, Pyo Kinam, masunci a Solgae, da Pyo Sunyong, malamar asibiti. Bayan kammala zaman makoki, Sunae ta nemi mahaifiyarta ta faɗa mata gaskiyar maganar, tun da mazan biyu duk sun kau. Kumrye ta amsa mata da cewa ai aurenta da Tongho ya kai shekara ashirin da shida lafiya, sannan ta ce mata ta je ta ɗora tukunya.