Shekara Shida Kwamfutar Kabiru Tana Cikin Akwati

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Kabiru. Sai da na ƙirga har sau biyu kafin in yarda, don a raina kamar shekaranjiya ya jingine babur ɗinshi a ƙofar gidana a Kambarawa, ya shigo da jakarshi a kafaɗa yana tambayar ko akwai sauran fura. Malamin sakandare ne, lissafi yake koyarwa. Ni yayarshi ce, na ba shi shekara tara, kuma ni ma alli na riƙe har na yi ritaya. Amma mutanen Katsina ba da lissafi suka san shi ba. Da tsofaffin kwamfutoci suka san shi. Duk wadda aka fidda rai da ita, a ofis ne ko a makaranta, sai ka ji an ce a kai wa Malam Kabiru.

Abin da yake sa masu wata manhaja ce da ake kira Linux. Ita ce ke tafiyar da kwamfutar gaba ɗayanta, wadda in babu irinta sai dai ka zauna kana kallon baƙin allo. Ya sha yi mani bayaninta har ya ishe ni. Wai mutane ne barkatai a duniya, da yawansu ba su taɓa ganin juna ba, kowa ya gyara ɗan abin da ya iya ya ajiye a fili, wani ya ɗauka ya ƙara. Ba a sayarwa, ba a ɓoye yadda aka haɗa ta, kuma wanda ya samu an yarje mashi ya kwafa ya ba wani. Na ce mashi, "Kai dai Kabiru akwai ka da yarda da mutane. Wa zai sha wannan wahala ya ba da a banza?" Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai ga ni." Sai na ce ya tashi ya ba ni wuri.

Irin wadda ya fi so, duk fitowar sabuwa kala uku take zuwa. Akwai mai ƙawa, wadda ke son kwamfuta mai ƙarfi. Akwai matsakaiciya. Sai kuma mara nauyi, wadda aka yi domin tsofaffin da numfashinsu ya ƙare, kuma ita ce 'yar gidanshi. Kafin ya sa komai sai ya zauna ya duba ƙarfin kwamfutar, ya saurari yadda fankarta ke kuka, sannan ya zaɓar mata daidai da ita. Na taɓa ganin wani babban ma'aikaci ya nace sai an sa mashi mai ƙawa don ya ganta a wurin wani, Kabiru ya ƙi ƙememe. Ya ce ba zai ɗora wa tsohuwa kayan da ya fi ƙarfinta ba don a ce ta yi ado. Mutumin ya tafi yana ƙunƙuni, bayan sati ya dawo da wasu kwamfutocin guda biyu.

Wannan duk tsakaninshi da mutanen gari ne. Abin da ya haɗa ni da shi kuwa littattafan Baba ne. Mahaifinmu malami ne a Ƙofar Guga, kuma mutum ne mai rubuta komai. Ya bar mana akwatin katako cike da rubutunshi na ajami: wasiƙu, addu'o'i, tarihin kakanninmu, da wani ɗan littafi mai bangon fata da yake rubuta haihuwar duk ɗan da aka samu a gidan, da ranar, da wanda ya yi mashi huɗuba, da 'yar addu'a a ƙasa. Wani dogon hutu Kabiru ya zauna ya ɗauki hoton shafukan nan ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a kwamfutarshi ta tafi-da-gidanka. Da ya gama sai ya zo mani da murna, wai zai kwafa ya raba wa dangi, kowa ya riƙe nashi. Nan na hau shi da faɗa. Na ce rubutun Baba ba kayan yawo ba ne, ba za a dinga buɗe shi a shago da tasha ba, hannu da alwala da babu. Ya so ya yi magana, na ce ban gama ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Tau, yadda kika ce, Yaya." Kabiru mai raba wa duniya kyauta, bai ba ko mutum ɗaya ba, don ni na hana.

Ciwon da ya ɗauke shi bai yi mashi wata guda ba. Bayan an gama zaman makoki aka zo rabon kaya, na ce ban son komai sai kwamfutar. Na naɗe ta da sabon farin ƙyalle, na sa 'yan ƙwayoyin turare, na kulle a akwatina. Haka na ga ana yi wa duk abin da ake girmamawa a gidanmu, haka na yi. Ban kunna ta ba ko sau ɗaya. In zuciyata ta raya mani in duba, sai in ce kar in taɓa in ɓata. Ni a wautata adana ta nake yi, har ina jin kaina mai riƙon amana.

Daminar bara aka aiko mani cewa ɗakin Baba na Ƙofar Guga yana yoyo. Na je muka jawo akwatin katakon nan, wanda rabon da a buɗe shi tun Kabiru na da rai. Na ɗaga murfin. Gara ta gama da shi. Ƙasa ce kawai da guntayen takarda, sai bangon fatar nan shi kaɗai, babu komai a ciki. Na zauna daɓas a ƙasa, na kasa ko salati da ƙarfi. Rubutun Baba kaf, a duk faɗin duniya, wuri ɗaya ya rage mashi: cikin kwamfutar da na kulle shekara shida ban san halin da take ciki ba.

Da na koma gida ko mayafi ban tsaya cirewa ba na buɗe akwatina. Na jona ta da wuta, ta yi ɗan ƙara, ta kawo wasu rubuce-rubuce farare a baƙin allo, ta tsaya cak. Na kashe na kunna ya fi sau goma, shiru. Wani mai gyara da na fara kai wa ya juya ta ya ce abu mai sauƙi ne, fomat za a yi mata ta dawo sabuwa. Na ce abin da ke ciki fa? Ya ce ai wannan ya tafi. Wallahi ban san lokacin da na fizge ta daga hannunshi ba.

Sai na tuna da Malam Isyaku, abokin Kabiru tun suna firamare, wanda ya buɗe ɗan shagon gyara a wajen Ƙofar Sauri bayan ya bar aikin gwamnati. Da hantsi na same shi. Muka gaisa, ya tambayi gida da jikoki da gajiya, ni kuwa amsawa kawai nake, hankalina na kan ƙyallen da ke cinyata. Da na warware ya gane ta nan take, idonshi ya kawo ruwa. Ya ce, "Hajiya, mi ya sa ba ki kawo ta tuntuni ba? Ita wannan ba a ajiye ta kamar zinari, zama ke kashe ta." 

Ya jawo wani ɗan filashi daga aljihu, irin 'yar ma'ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ya ce sabuwar fitowar manhajar nan ce a ciki, kuma mara nauyin ya zaɓa. Na ce kar ya sa mata komai, kar ya goge mani komai. Ya ce in kwantar da hankalina, daga cikin filashin za ta tashi ta yi aiki, ba za ta taɓa ko ƙwayar abin da ke cikin kwamfutar ba sai an ce ta taɓa. Ya soka, ya danna, muka zuba ido. Jama'a, allon nan da ya yi shekara shida a duhu sai ga shi ya washe, fes, kamar an share tsakar gida. Ya buɗe wata 'yar taga, ga jakar ajiya an rubuta mata "Baba". Ya danna, sai ga rubutun mahaifina, baƙin tawadarshi da jan wasalinshi, har da inda alƙalami ya ɗiga.  Na ce ikon Allah, na sake cewa ikon Allah, na kasa faɗin wani abu daban.

Har yau in na tuna sai in rasa yadda zan auna abin. Mutanen da ban sani ba, ba su san Katsina ba balle Ƙofar Guga, sun zauna sun yi tunanin cewa wata rana za a samu mai tsohuwar kwamfuta da ta ƙi tashi, da abin da ba ya son rasawa a ciki. Sun yi mashi hanya, sun bar ta a buɗe, ba su tambayi ko shi wane ne ba. Tsawon shekarun da na yi ina gadin akwati, su suna can suna gyara, suna fitar da sabuwa, kuma ba su yar da tsofaffin kwamfutoci a hanya ba. Na taɓa tambayar Kabiru wa zai sha wahala ya ba da a banza. Ga ni zaune a benci ina cin moriyar wahalarsu.

Yayin da hotunan ke kwafuwa zuwa wata ma'ajiya, Malam Isyaku ya yi ta nuna mani abubuwan da sabuwar ta zo da su. Da abin rubuta wasiƙa, da na lissafi, da na duba hotuna, da na shiga intanet, duk a ciki suke zuwa. Ya ƙara girman rubutun har na karanta ba tabarau. Ya nuna mani yadda take ɗaukar hoton halin da take ciki ta ajiye, in wani abu ya lalace a koma jiya kamar ba a yi ba. Ya ce gyare-gyarenta za su yi ta zuwa shekara da shekaru, ita da kanta za ta sanar da kai. Ina kallo ina tunanin Kabiru. Da yana nan da ba mu huta ba, da gida-gida zai bi da filashi yana cewa ku zo ku gani. Na san zai yi ƙorafi kaɗan, ya ce mai ƙawar ta ƙara son ƙarfi, sannan ya koma wurin mara nauyinshi yana yaba ta. Ban sani ba ko zai yi mamakin yadda yanzu kowa ya koma waya. Amma na san abin da zai fi ba shi mamaki: yayarshi zaune a shagon gyara tana tambayar bambancin kala ukun nan, har tana cewa a maimaita mata.

Kwafin bai tafi lafiya lau ba. Ma'ajiyar cikin kwamfutar ta ci zama, wasu wurare sun mutu. Wasiƙun sun fita, addu'o'in sun fita, tarihin kakanni ya fita cif. A littafin haihuwa ne aka samu shafuka uku da suka ƙi buɗewa, duk dabarar da Malam Isyaku ya yi. Biyu na 'yan uwan da suka rasu tun suna goye ne. Na ukun, da muka bi jeri, na Kabiru ne. Nawa yana nan, na sauran ƙannena yana nan, nashi ne babu. Malam Isyaku ya ce da an kunna ta ko shekara biyu da suka wuce, wataƙila da an same shi. Bai faɗa don ya ɓata mani rai ba, gaskiya ya faɗa. Na yi kuka a shagon nan a gaban mutane, ban ji kunya ba, don ni na jawo.

Ya sa mata sabuwar ma'ajiya, ya ɗora mata mara nauyin, yanzu haka da ita nake rubuta maku wannan. Kafin sati ya zagayo na sa an kwafa littattafan Baba a filashi goma sha biyu. Na bi dangi da ƙafata, na Ƙofar Guga da na Kambarawa, na aika wa na nesa. Kowa na ba sai in ce ya kwafa ya ba wani, kar ya kulle. Wasu suka yi ta kallona, don sun san ni ce mai hanawa. Na ce eh, ni ce, na yi kuskure.

In aka tambaye ni me ya rage na Kabiru, ba zan nuna gida ko fili ba, bai tara ba. Akwai kwamfutocin da ya tasa, wasu har yau suna aiki a hannun mutanen da ba su san sunanshi ba. Akwai rubutun Baba, wanda ba don shi ba da gara ta raba mu da shi har abada. Akwai kuma biyayyar da ya yi mani a ranar da ya fi ni gaskiya, wadda ita ce ta fi yi mani nauyi. Allah ya jiƙanshi, ya sa aikin nan ya zame mashi sadaka mai gudana.

Shafin da ya ɓace kuwa, babu manhajar da za ta dawo da shi. Amma ina da shekara tara aka haife shi, kuma a duk waɗanda suka ga ranar ni kaɗai na rage. Sai na buɗe abin rubutun nan, da yatsa ɗaya, na yi rabin yini ina lalube. Na rubuta cewa ranar Juma'a ce, ana yayyafi, a ɗakin Inna na kudu, kuma Baba da kanshi ya yi mashi huɗuba. Addu'ar da Baba ya rubuta a ƙasa ban taɓa karanta ta ba, don haka ban ƙirƙira mashi ba. Na bar wurin fari, na sa shafin a tsakanin na 'yan uwanshi, na rubuta a gefe: wannan ba hannun Baba ba ne, hannun yayar Kabiru ne, wadda ta ɓatar da na asali.