Lambar Goggo

Ni dai ban taɓa yarda da namiji mai tsabtar takalmi a tsakiyar damina ba. Duk wanda ya san hanyoyinmu ya san jar laka ba ta ƙyale kowa, daga manomi har malamin makaranta. Shi ya sa ran da na shiga mota daga Gidan Waya zuwa Kafanchan, na ga mutumin da ke jikin taga takalminsa na ƙyalli, sai na ɗauke jakata daga tsakaninmu na ɗora a cinya.

Citta na je dubawa wajen wata manomiya da ta ɓoye tata tun girbi. Sana'ar gidanmu ke nan tun kakanni: mu sayo busasshiyar citta a ƙauyuka, mu tara a sito a kasuwar Kafanchan, manyan 'yan kasuwa su zo su kwasa. Shagon na Goggo ne, yayar babana. Ita ta ɗauke ni ina 'yar shekara huɗu bayan rasuwar mahaifiyata, ta raine ni, ta aurar da ni, da auren ya mutu kuma ita ta zo da kanta ta kwaso kayana. Tsohon mijin nawa mai daɗin baki ne, irin wanda zai sayar maka da rigar jikinka ka yi masa godiya. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake, to haka na koma da maza.

Amma in faɗi gaskiya, mutumin motar ya yi mini. Baƙi ne dogo, da 'yar furfura a gemu, ga wushirya. Da direba ya faɗa wani rami wata tsohuwa ta bugi kujerar gaba, shi ya fara yi mata sannu, ya karɓi kwandon da ke cinyarta ya riƙe har muka iso. Na gani, ya burge ni, nan take kuma na ce a raina ai da irin wannan suke fara jan hankalin mutum.

Ya juyo ya ce, “Malama, citta kike saye ko sayarwa?”

Na ce, “Wa ya gaya maka?”

“Gyalenki. Tun da kika shigo nake ta son yin atishawa.”

Dariya ta kusa ƙwace mini, na danne. Ya ce shi mutumin wajen Kajuru ne, gyaran famfon burtsatse yake yi, an turo shi yankinmu bai daɗe ba. Ya tambayi layin da shagonmu yake, na ce layukan kasuwa da yawa. Ya tambaya ko da iyayena nake zaune, na ce da mutane nake zaune. A lokacin kullum sai ka ji labari: wane an kira shi an ce daga banki ne an yashe shi, wance an bi ta da hira har aka san ranar da mijinta ke tafiya ƙauye aka tare shi a hanya. Duk tambayar da ya yi sai na juya ta na leƙa ƙarƙashinta.

Da muka sauka a tasha, 'yan Keke na ta kiran fasinja, sai ya tsaya a gabana ya ɗan sunkuyar da kai.

“Malama, in ba damuwa, ina son in sake jin muryarki. Ko za ki taimaka mini da lamba?”

Ina so in ba shi. Wannan ba zan ɓoye ba, bakina har ya ɗauko lambata. Amma tsoro ya riga ni. Lamba biyu kawai na haddace a duniya, tawa da ta Goggo, sai na ji ina karanto masa ta Goggo tiryan-tiryan. Na tsaya ina jiran ya kira nan take, yadda kowa ke yi don a ga wayar ta yi ƙara, har na shirya ƙaryar cewa tawa ba caji. Bai kira ba. Wani ɗan littafi ya ciro daga aljihu ya rubuta da biro, ya yi godiya, ya tafi. Wannan ma sai ya tsaya mini a rai. Wane irin mutum ne a zamanin nan yake rubuta lambar mace a takarda?

A cikin Keke na yi ta yaba wa kaina. Na ce in mutumin kirki ne, zai ji muryar tsohuwa ya ɗauka kuskure aka yi, shi ke nan. In kuwa mugu ne, ya haɗu da daidai shi, don Goggo ko 'yan damfara suka kira ta su ke fara kashe waya. Na ga na yi dabara, har da ɗan murmushi.

Sai dai tun washegari na kasa sukuni. Wayar Goggo 'yar ƙarama ce mai maɓalli, tana ɗaure da ita a haɓar zani, kuma saboda kunnenta ya yi nauyi sai ta buɗe muryar wayar kowa na ji take amsawa. Duk ƙarar da ta yi sai na saki abin da ke hannuna. Direban babbar mota ne, mai ɗinkin buhu ne, wata 'yar'uwa ce daga Zonkwa. Kwana uku, huɗu, biyar. Ina tsoron ya kira asirina ya tonu, ina kuma jin haushin bai kira ba. Ni da na ba shi lambar da ba tawa ba, ni ce kuma nake fushi.

Maƙwabciyar shagonmu Madam ce, mai sayar da manja. Inyamura ce, amma a nan aka haife ta, babanta ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Ba abin da ke wuce idonta a layinmu. Dota take ce mini, wato 'yarta, Hausarta kuma ba ta raba mace da namiji.

Ta ce, “Dota na, mene ya same ka? Kwana biyu kana duba wayan Goggo kaman kaza ya ga masara.”

Na ja ta gefe na gaya mata, amma rabi. Na ce wani ya karɓi lamba bai kira ba. Ban faɗi lambar wa ba.

“Ya yi filashin a gaban ka?”

“A'a. A littafi ya rubuta.”

Ta taɓe baki. “To, ko yana da mata a gida wanda yana duba wayan shi, ko shi ɗan fo-wan-nain ne. Manta da shi.”

Na ji daɗin maganar, don ta yi daidai da tawa. Na kuma ji zafinta.

A mako na biyu sai zargina ya koma kan Goggo. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci wayarta ta yi ƙara, ta duba, ta tashi ta shige can cikin sito ta turo ƙofa. Goggon da ke amsa waya ko a tsakiyar ciniki. Bayan kwana biyu na gan ta ta tsare wani direban da ke zuwa Kajuru suna ƙus-ƙus, da na matso suka koma maganar kuɗin mota. Wata safiya kuma ta dube ni sama da ƙasa ta ce gyalen nan ya koɗe, in daina zuwa kasuwa da shi. Ruwa ba ya tsami banza.

Juma'ar da ta biyo baya na shirya mata. Tana shiga sito na bi ta a hankali na tsaya bayan buhuna. Muryar mutumin motar ta fito tar daga wayar, na gane ta tun daga sallama.

“Ina wuni, Goggo. Ya ƙafar taki? An samu man da na ce?”

“An samu, ɗan nan, Allah ya yi maka albarka. Ya mahaifiyar taka?”

Ban jira sun gama ba na koma shago na zauna. Da ta fito ta ga fuskata, ta san na ji.

“To, mai laɓe,” in ji ta. “Ke kika turo shi, ni kuma na yi aikina.”

Ashe tun ranar da muka haɗu ya kira, da yamma, ina wajen awo. Da ya ji muryar babba sai ya gaishe ta, ya faɗi ko shi wane ne, ya ce wata baiwar Allah mai sana'ar citta ce ta ba shi lambar. Goggo ta ce 'yarta ce. Shi ke nan ya ɗauka da gangan na yi, wato na nuna masa ƙofar da ake bi in da gaske ake. Goggo ma haka ta ɗauka. Ba ta gaya mini ba don tana son ta gama bincike tukuna. Ta bi ta hannun direban, ta bi ta hannun wata mai sayar da dawa da ta san unguwarsu. Matarsa ta rasu, yana da 'ya ɗaya a hannun mahaifiyarsa, ba a taɓa jin sa da rigima ba.

“Ya ce tun da yake bai taɓa ganin macen da aka nemi lambarta ta ba da ta magabatanta ba,” in ji Goggo. “Ya ce daga nan ya san gidan da kika fito.”

Tana faɗa tana gyara ɗaurin ɗankwali, idonta ya ciko. Rabon da in ga Goggo cikin irin wannan farin ciki tun kafin aurena ya mutu. Na buɗe baki in gyara zancen, na kasa. Kafin la'asar ta gaya wa Madam, Madam ta gaya wa layi, mata suka riƙa leƙowa suna cewa a yi koyi da ni.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba. Na ce ai ɓarawon kirki ma haƙuri gare shi. Direba ana iya saye, mai dawa ana iya ruɗa ta. Me ya sa ya damu da ƙafar Goggo? Me ya sa bai ce a ba ni wayar ba ko sau ɗaya? Ina wannan lissafin, ina kuma zaɓen gyalen da zan saka ran Asabar, don Goggo ta ce ya zo.

Ya zo da hantsi, da goro a ƙunshe da ganye. Ya durƙusa ya gaida Goggo, ta sa aka ajiye masa benci a bakin shago, ita kuma ta ɗauki faifai ta koma bayan buhuna wai tana tsince citta. Ina jin ƙarar cittar a faifai, kaɗan-kaɗan, yadda ba za ta hana ta ji ba.

Da na gan shi a zaune, hannu bisa gwiwa, sai na ji duk abin da na ji a mota ya dawo har da ƙari. Muka gaisa. Ya ce ya daɗe yana neman inda zai sa kansa bai samu natsuwa ba sai ranar nan a tasha. Ya ce abin da na yi ƙaramin abu ne a wajena, amma shi ya sa ya kasa mantawa da ni.

Ina son sa, kuma ba na son a fara a kan yabon da ban ci ba. Akwai kuma halina na son gwada mutum, in ga yadda fuskarsa za ta yi. Na ce a raina zai yi dariya, mu wuce wurin.

“Malam, gara ka ji gaskiya. Ba don tarbiyya na yi ba. Tsoronka na ji. Na ɗauka ko ɗan damfara ne kai, ko cikin masu bin sawun mutane a sace su. Shi ya sa na ƙi ba ka tawa.”

Bai yi dariya ba. Bai kuma yi fushi ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya sunkuyar da kai.

“Tsoron ba laifi ba ne, Malama. Zamanin ne ya kawo. Ko ƙanwata ce zan ce ta yi hattara.” Ya ɗago ya dube ni. “Abin da ban gane ba shi ne, kina zaton mai satar mutane ne ni, sai kika ba ni lambar tsohuwar da ta raine ki?”

Ƙarar faifai ta tsaya.

Wallahi har ranar ban taɓa kallon abin ta nan ba. Mako uku ina juya maganar, na zargi shi, na zargi direba, na zargi Goggo, ban taɓa tsayawa a kan wannan ba. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa.

Ya miƙe. Na ce, “Malam, tsaya in ba ka tawa.”

“Bari dai tukuna, Malama.”

Ya leƙa bayan buhuna ya yi wa Goggo sallama da ladabi, ta amsa masa a hankali, ta sa masa albarka. Na bi bayansa da kallo har ya sha kwanar masu doya. Bai sake zuwa ba.

Na daɗe a tsaye kafin na iya zagayawa. Goggo na zaune a ƙasa, ta miƙe ƙafarta mai ciwo, faifan a cinya. Na durƙusa kusa da ita na ce ta yafe mini. Ba ta dube ni ba, ta ci gaba da ware masu ruɓa gefe guda.

“Na yafe,” ta ce. Ta jefa wata a kwano. “Amma da ɓarawon ne fa, 'yar nan? Da ya ce in zo tasha in karɓi saƙonki, zuwa zan yi.”